Kub ɗin da aka baje a tablo, ina sauran 40 suka shiga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibar lise ce nan Maradi, unguwar Zariya. Malaminmu na lissafi ya zana kub a tablo amma a baje, ƙaramin murabba'i cikin babba, ya haɗa kusurwoyinsu da layi 4, sai ya ce wai wanga zane garaf ne kuma simetirinshi 48 ne daidai da kub na gaske. Ni kuwa na juya kayena duk yadda zan juya 8 kaɗai na samu, don Allah mi na ɓata?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata. Wallahi tambayar ga ta yi min daɗi, kuma 8 ɗinki daidai ne, abin da ido ke gani a takarda kenan, juyawa 4 da kifewa 4. Sai dai shi garaf, wato ɗigogi da layukan da ke haɗa su, ba ruwanshi da tsawon layi ko gajartarshi, abu guda ya sani, wa ke haɗe da wa. Kamar zumunta ne, kawunki ko ya tashi daga Maradi ya koma Damagaram ai kawunki ne dai. To simetiri a garaf shi ne ki sauya ma ɗigogin mazauni, amma duk biyun da layi ya haɗa su zauna a haɗe, ko da na ƙaramin murabba'i ya fito waje na waje ya shiga ciki.

Shiga madafa ki ɗauko magi guda. Kusurwa 8, gefe 12, fuska 6. Ɗora yatsa kan kusurwa ɗaya, wuri 8 za ta iya komawa ko ba haka ba? Tana da maƙwabta 3, su kuma iri 6 ake iya jera su, kuma da zarar kin zaunar da su to sauran 4 ba su da zaɓi, dole kowa ya bi maƙwabtanshi. 8 sau 6, ga 48 ɗinki. Lura fa a lissafin nan ba mu auna komai ba, maƙwabtaka kawai muka ƙirga, shi ya sa zanen tablo da magin hannunki amsarsu guda. Cikin 48 ɗin, 24 ne za ki samu da juya magin a hannu, sauran 24 sai kin sa madubi.

Irin waɗannan siffofi marasa loɓawa da fuskokinsu duk iri ɗaya ne daidai wa daida, gefunansu duk tsawo ɗaya, kuma kusurwoyinsu iri ɗaya, 5 ne kacal, tun zamanin Girkawa Uklid ya nuna haka: mai fuska 4, kub mai 6, mai 8, mai 12 da mai 20. Simetirinsu 24, 48, 48, 120, 120. Abin da ni ke burge ni kullum, ki ɗauki yawan gefe ki ninka sau 4, amsar ce ke fitowa, 6 ya ba 24, 12 ya ba 48, 30 ya ba 120. Kuma maimaituwar lambobin nan ba dace ba ne, ki sa ɗigo tsakiyar kowace fuska ta kub ki haɗa na fuskokin da ke maƙwabtaka, mai fuska 8 ne zai fito miki, to duk juyin da ya yi ma ɗaya ya yi ma ɗayan.

Wani masani ɗan Suwizalan, Peter Mani, ya tabbatar a 1971 cewa abin bai tsaya ga 5 ɗin nan ba, duk garaf ɗin da ya fito daga siffa mai fuskoki wadda ba ta da loɓawa ana iya gina mishi siffar da za ta nuna simetirinshi duka ido na gani.

Ki samo ashana 12 da ɗan cingam ki gina mai fuska 8 ɗin. Kusurwa 6 gare shi kowace da maƙwabta 4, amma jerin maƙwabtan iri 8 ne ba 24 ba, ki duba yadda su kansu suka yi zobe ki aiko min dalilin a fitowa ta gaba in sha Allahu.