Na sake haɗa kwamfuta, SSD ɗina ya ɓace

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sauya madabod (babban allon da ake jona kayan kwamfuta a kai), na ƙara sabon SSD (ma'ajiyar bayanai) na M.2, irin wanda ake cusawa kai tsaye a jikin madabod, na mayar da sauran kaya yadda suke. Kwamfutar tana tashi lafiya, amma tsohon SSD ɗina na SATA (wanda ake jonawa da waya) ko alamarsa babu, kuma duk ayyukana suna ciki. Ko ya lalace ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, Malam, ba lallai ne ya lalace ba. Kafin ka kwance komai, kunna kwamfutar ka yi ta danna Del ko F2 har ka shiga BIOS (shafin saitin madabod da ke buɗewa kafin Windows ta tashi), ka duba jerin ma'ajiyoyin da ta gani.

In babu sunansa a can, ba ruwan Windows. Ni dai sabon M.2 ɗin nan nake zargi. Madabod da yawa suna haɗa ramin M.2 da wasu ƙofofin SATA a hanya ɗaya, da zarar ka cusa M.2 sai ƙofa ɗaya ko biyu su daina aiki, ba tare da wani gargaɗi ba. Littafin madabod ɗin ya faɗi waɗanda abin ke shafa, sai dai wa ke karanta shi? Kashe wuta, ka mayar da wayar tsohon SSD ɗin zuwa wata ƙofar SATA, wadda lambarta ta fi ƙanƙanta, ka sake gwadawa.

Sai wayoyi. Guda biyu yake buƙata: siririyar ta bayanai mai fil 7, da faffaɗar ta wuta mai fil 15. Ta wutar ce aka fi mantawa, ko a bar ta ba ta shige sosai ba, musamman in SSD ɗin yana maƙale a bayan akwati. In kuma ka sauya na'urar ba da wuta, kada ka kuskura ka jona mata wayoyin tsohuwar. Bakinsu na iya shiga daidai alhali tsarin fil ɗin ya bambanta, wannan kuwa yana iya ƙona SSD nan take.

In BIOS ta gan shi, da sauƙi. Danna maɓallin Windows da X, ka buɗe Disk Management, inda Windows ke jera ma'ajiyoyi. Sau da yawa za ka same shi ba shi da harafi (irin su D: ko E:), ko an rubuta Offline a gefensa. Ka ba shi harafi ko ka mayar da shi Online. Amma in Windows ta ce ka yi masa Initialize ko Format, wato a shirya shi kamar sabo, kada ka yarda, domin ayyukanka ne za su shiga haɗari. In da ma an kulle shi da BitLocker, makullin bayanai na Windows, zai iya neman mabuɗi mai lambobi 48, wanda galibi yana cikin asusunka na Microsoft.

In duk wannan bai yi ba, saka shi a gidan USB (ƙaramin akwatin da ke jona SSD ta USB) ka jona a wata kwamfutar. In can ma shiru, daina jona shi, ka kai wa masu ceto bayanai.