Tambaya da Amsa: Fim ɗin Tailan ya fama min ciwon rasuwar mijina

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Dan Allah a sakaya sunana. Wata takwas kenan da rasuwar maigidana a hatsarin mota, kuma ranar da zai fita mun ɗan samu saɓani akan kuɗin cefane, har ya fita ban ce masa a dawo lafiya ba, shikenan ban sake ganinsa da rai ba. Kwanaki ƙanwata ta turo min wani fim mai dogon zango na ƙasar Tailan wai ya ɗebe min kewa, ashe labarin wadda ta mutu ce take dawowa wajen masoyinta shi kuma yana ganin shi ne silar mutuwarta. Wallahi kwana nayi ina kuka. Wai su dama haka suka yarda mamaci yana dawowa? Kuma laifi ne da nake jin dama nima ya dawo ko na minti ɗaya? Daga wata 'yar uwa a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, ke kuma ya baki dangana.

Kinga irin wannan labarin ba masu fim ne suka ƙago shi ba, yana da uwa, sunanta Mae Nak, kuma da wuya ki samu ɗan Tailan da bai san ta ba. Suna cewa a zamanin sarkinsu Rama na huɗu, wanda yayi mulki daga 1851 zuwa 1868, akwai wata matashiya Nak a unguwar Phra Khanong da yanzu take cikin Bankok, aka ɗauki mijinta Mak zuwa yaƙi tana da ciki, ta rasu wajen haihuwa ita da jaririn, shi kuma yana can yana jinyar rauni bai sani ba. Da ya dawo sai ya tarar da ita a gida da jariri a hannu, suka ci gaba da zamansu, duk maƙwabcin da yayi yunƙurin faɗa masa gaskiya sai ya gamu da ajalinsa. Rannan tana daka yaji sai lemun tsami ya suɓuce ya faɗa ƙasa, dama gidajensu na katako a ɗage suke akan dirkoki, kawai sai ya ga hannunta ya miƙe zololo har ƙasa ya ɗauko. Anan ne ya gane, ya gudu ya fake a wurin ibadarsu na Wat Mahabut.

Har gobe akwai ɗakin da aka ware mata a wurin, mutane na kai mata kayan sawa da na kwalliya da kayan wasan yara. Mata na zuwa roƙon kar a ɗauki mazansu soja, tunda a can duk watan Afrilu samari 'yan shekara 21 ke jan ƙuri'a, jan kati ka tafi bariki, baƙi ka koma gida. An maida labarin fim ba adadi, Nang Nak na 1999 shi ne mai sa kuka, Pee Mak na 2013 kuma da barkwanci suka yi shi ya tara kuɗi na fitar hankali.

Mafi yawan 'yan Tailan mabiya addinin Buda ne, duk da akwai musulmi sosai a kudu wajen Pattani da Yala da Narathiwat. A fahimtarsu abinda ke hana mamaci wucewa a sake haihuwarsa shi ne maƙalewar zuciya, musamman wanda ya mutu farat ɗaya ko mace mai ciki, shi yasa dangi ke kaiwa malaman addininsu abinci, su tsiyaya ruwa a hankali da niyyar ladan ya isa gareshi. Mu kam ba haka muka yarda ba, wanda ya tafi yana barzahu, ba ya yawo a tsakar gida, ba ya laɓe yana jiran ki bashi haƙuri.

Amma ni abinda ya fi tsaya min a rai a labarin nan Mak ne ba Nak ba. Duk gari sun san ta mutu, shi kaɗai yake zaune da ita yana cin abincinta, kuma ni dai ina ganin ko da ya ga alamu ba zai so ya gane ba, don ganewa na nufin ya yarda ta sha wahalar naƙuda ta mutu baya nan. Wannan ciwon naki ne sak, shi yasa fim ɗin ya fama miki. Ba laifi bane ki so ganinsa, kewa ce, kuma hawaye ba haramun bane, Annabi SAW ma ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu.

Batun a dawo lafiya kuwa, ƙanwata ki saurare ni da kyau. Sau nawa kika faɗa masa a tsawon zamanku? Ɗaruruwa, ƙila dubbai. Wannan guda ɗayan da ya kuɓuce miki ba shi ya kifar da motar ba, kwanansa ne ya ƙare, da kin raka shi har bakin titi kina ɗaga hannu ma haka zata faru. Wane gida ne ba'a saɓani akan cefane? Nasan da ya dawo da yamma da tuni kun shirya kuna dariya.

Ki ajiye fim ɗin tukunna, kar ki ƙarasa shi ke kaɗai da tsakar dare. Maganar da ta tokare miki a wuya ki maida ta addu'a, duk bayan sallah ki nema masa gafara da sunansa, in da hali ki ɗan yi sadaka ko ruwan sanyi ne ko ƙosai ranar Juma'a, in akwai bashi a kansa a bincika a biya. In kuma rashin bacci da rashin cin abinci sun ƙi sakinki ki je asibiti ki faɗawa likita kamar yadda kika faɗa min, kuma ki ja ƙanwar nan taki ta dawo ɗakinki da kwana na ɗan lokaci. Ki sake rubuto min bayan wata ɗaya inji ya jikin naki.