Ƙanwata, ba likita ne zai ɓata miki biza ba

Wasiƙar wannan mako daga Birmingham ta zo, daga wata 'yar'uwa da ta nemi a sakaya sunanta. Ga abin da ta ce a taƙaice:

"Assalamu alaikum Anti. Na zo Ingila a 2024 da bizar aikin kula da tsofaffi. Maigidana da yarana biyu suna Kano, doka ta hana ni ɗauko su. Wata huɗu ke nan rabona da barcin kirki, ina shiga banɗakin wurin aiki in yi kuka, har sau biyu na kasa tashi in tafi aiki. Wata abokiyar aikina ta ce in nemi masu ba da shawara na NHS, hukumar lafiya ta gwamnatin ƙasar, ta intanet. Da na gaya wa Yayana, wanda shi ya ranto kuɗin tafiyata, sai ya ce kul, idan Turawa suka rubuta mini ciwon ƙwaƙwalwa a fayil ba za su sabunta mini biza ba, to wa zai biya bashin? Ejan ɗin da ya yi mini hanya kuma ya ce yana da likita na sirri a WhatsApp, fam 200 duk wata, babu abin da zai shiga fayil, har takarda zai iya rubuta mini in na tashi sabunta biza. Anti, yaya zan yi? Kuma me ake yi a ganawar nan ta intanet?"

Wa'alaikis salam ƙanwata. Allah Ya yaye miki, Ya haɗa ki da 'ya'yanki cikin alheri.

Maganar Yayanki ba gaskiya ba ce. Ban ce ƙarya ya shirya miki ba, tsoro ne da rashin sani, amma dai ba gaskiya ba ce. Neman magani a NHS saboda damuwa ko rashin barci ba ya cikin dalilan da ake hana mutum sabunta biza. Abin da kika faɗa wa mai ba da shawara yana zama a fayil ɗinki na lafiya, a sanar da GP ɗinki, wato likitan unguwa da kika yi rajista da shi, shi ke nan. Kamfanin da ya ɗauki nauyin bizarki ba ya ganin wannan fayil sai da izininki. Inda NHS ke kai sunan baƙo Home Office, ma'aikatar da ke kula da biza da shige da fice, shi ne bashin asibiti na fam 500 ko fiye da ba a biya ba, ke kuwa bizarki ta ba ki damar jinya kyauta, ko kuɗin lafiyar nan da sauran baƙi ke biya an ɗauke muku.

Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne sau biyun nan da kika kasa zuwa aiki. A nan haɗarin yake. Kamfanin da ya ɗauki nauyin ma'aikaci wajibi ne ya sanar da Home Office idan ma'aikacin ya yi fashin aiki fiye da ranakun aiki 10 a jere ba da izini ba. Irin wannan ciwo kuwa haka yake tafiya: yau kwana ɗaya, gobe uku, wata rana mutum ya kashe waya ya ja bargo ya kasa ɗaga kiran manaja. Hutun rashin lafiya da aka sanar daban ne da fashi. Kwana 7 na farko ke da kanki za ki shaida ba ki da lafiya, in ya wuce haka GP ya ba ki takarda. Ki tuna kuma tun watan Yulin 2025 aka daina ɗauko sabbin masu aikin kula da tsofaffi daga waje. Waɗanda ke ciki ne kawai aka bar wa damar sabuntawa. Wato in kika bari wannan ta suɓuce, ba ta wannan ƙofar za ki dawo ba. Ki ga ashe shirun da Yayanki ke so ki yi shi ne zai iya jawo abin da yake gudu.

Ejan ɗinki kuwa, ki rufe masa ƙofa yau ɗin nan. Na ga irin wannan da idona. Wata baiwar Allah ta yi watanni tana tura wa wani "dokta" saƙon murya cikin dare, tana zayyana masa sirrin aurenta da abin da ke tsakaninta da surukarta. Ranar da ta ce ba ta da kuɗin wata, sai aka turo mata muryarta da kanta, aka tambaye ta ko tana so mijinta ya ji. Wani kuma ya sayi takardar likita daga hannun ejan ya saka a cikin takardunsa, ashe takarda ɗaya ce ake sauya wa suna ana rabawa. Takardar bogi a neman biza yaudara ce a idon doka, ana ƙin amincewa da buƙatar, kuma tana iya jawo haramcin shiga ƙasar har shekara 10. Ke ma ai ba ki da buƙatar wata takardar likita wajen sabunta bizar aiki. Shi ya ƙirƙiro miki buƙatar don ya sayar miki da ita. Kuma ki sani, ba da shawarar shige da fice a Ingila ba tare da rajista ba laifi ne ƙarƙashin dokar shige da fice ta 1999. In maganar takardu ta taso, ki nemi lauya ko wanda ke cikin rajistar IAA, hukumar da ke sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice, wadda a da ake kira OISC.

Akwai wani tarko da mutanenmu ba su sani ba. A Ingila doka ba ta hana kowa ya buɗe shafi ya kira kansa mai ba da shawara ba. Saboda haka in wata rana za ki biya wani da kuɗinki, ki nemi cikakken sunansa ki duba shi a rajistar BACP ko UKCP, ƙungiyoyin ƙwararrun masu ba da shawara, ko ta HCPC, hukumar da ke yi wa wasu ma'aikatan lafiya rajista, in ya ce shi masanin halayyar ɗan Adam ne na asibiti. Wanda ya yi ta hanya-hanya da sunansa ya riga ya ba ki amsa. Manyan manhajojin nan ma sai an karanta sharuɗɗansu: a 2023 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sa kamfanin BetterHelp biyan dala miliyan 7.8 kan miƙa bayanan masu amfani da shi ga irin su Facebook don talla.

To, me ake yi a ganawar? Shirin sunansa NHS Talking Therapies. Kina iya cike fom da kanki a shafin NHS, ba sai GP ya tura ki ba, muddin kina da rajista da GP. Za su kira ki a waya su yi miki tambayoyi na kamar rabin awa zuwa awa ɗaya. Akwai takardar tambayoyi 9 kan damuwa da wata mai 7 kan fargaba: a mako biyun da suka wuce, sau nawa barci ya gagare ki, sau nawa abinci ya fita ranki, sau nawa kika ji ke ba komai ba ce. Tambaya ta ƙarshe a ta farkon ita ce ko kin taɓa jin gara ki mutu. Kowa ake yi wa ita. Kada ki firgita, kada kuma ki ce "Alhamdulillah, lafiya lau" kamar yadda muka saba in an gaishe mu. Godiyar Allah tana nan daram a zuciyarki, amma da amsarki za su auna irin taimakon da za su ba ki. Wadda ta rage ciwonta a baki, ƙaramin taimako za a ba ta.

Sai jira. Ƙa'idar da NHS ta ɗora wa kanta ita ce kashi 75 cikin 100 su fara cikin mako 6, kashi 95 cikin mako 18, kuma tsakanin kiran farko da fara zama na sosai akan ɗan jima. In abin ya ƙaru kafin lokacin, ki koma wa GP, kada ki zauna zaman jiran layi.

Zaman kansa ba wani abin mamaki ba ne. Ke ce da wayarki, da wata mata ko wani mutum a ɗaya ɓangaren, sau ɗaya a mako, rabin awa zuwa awa ɗaya. Wani lokaci da darussa a manhaja ake farawa, ana kiranki ana bibiya. Kina da damar cewa mace kike so, kina da damar neman tafinta kyauta. Amma ki yi tunani a kan tafintan, domin Hausawan Birmingham ba su da yawan da za a ce ba a san juna ba. In Turancinki zai kai ki, ki lallaɓa da shi, in kuma kin nemi tafinta kika ji muryar da kika sani, ki ce a sauya. Tunda na san yawancinku gidan haɗaka kuke zaune, ki zaɓi lokacin da 'yan gidan suka fita aiki, ki sa iyafis, ki rufe ƙofa. Kada ki karɓi lokacin da ya faɗo daidai da saukowarki daga aikin dare, ki gaya musu jadawalinki tun farko, domin wurare da dama sukan sallami mutum in ya yi ta fashin zama ba sanarwa.

Hanyar da suka fi bi ita ce CBT, wato koya wa mutum gane munanan tunaninsa da sauya yadda yake ɗaukarsu, kuma a nan mutanenmu kan ji an yaudare su. Suna zuwa da tsammanin za a yi musu nasiha a lallashe su, sai su tarar da aikin gida. Za a ce ki rubuta tunanin da ya tashe ki ƙarfe uku na dare. Misali ki rubuta, "'ya'yana za su manta da ni." Mako mai zuwa ku zauna ku bi shi daki-daki: mene ne shaidarki, me ƙaramar ta ce miki a kiran bidiyo na ranar Juma'a, me kike yi duk lokacin da tunanin ya zo, kuma yin hakan yana rage shi ko ƙara shi yake yi. Zama biyu ko ukun farko kina iya fitowa jikinki a mace fiye da yadda kika shiga. Kamar wankin gyambo ne, sai ya yi zafi kafin ya kama warkewa. Ba za su biya miki bashi ba, ba za su sauya dokar Maris ɗin 2024 da ta raba ki da yaranki ba, ba kuma su ke rubuta ƙwaya ba, wannan aikin GP ne. Abin da za su iya shi ne su taya ki dawo da barcinki da natsuwarki, ki iya tsayawa a kan ƙafafunki a wurin aiki. Sirrinki a rufe yake, sai fa in sun ga ranki ko na wani yana cikin haɗari, kuma wannan sharaɗin tun zaman farko za su faɗa miki.

Mai ba ki shawarar, in Baturiya ce, tana iya ce miki ki daina aika kuɗi gida gaba ɗaya. Ki yi mata bayani cewa a wajenmu zumunci ba abin yankewa ba ne, abin da kike nema shi ne yadda za ki riƙe shi bai kashe ki ba. Ki gaya mata ke Musulma ce, salla da azkar suna cikin abin da ke riƙe ki. Mai aikin kirki za ta gina a kan hakan. In kun yi zama uku ko huɗu ba ku jitu ba, ki nemi a sauya miki. Addu'a kuwa ki riƙe ta, Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar mata da magani. A nan Birmingham ɗin akwai ƙungiyar Muslim Women's Network UK da ke da layin taimakon mata, suna iya rage miki kaɗaici kafin layinki ya zo.

Bari in koma kan Yaya. Na san a Kano da an ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai hankali ya tafi Dawanau, don haka ban ga laifinsa da ya tsorata ba. Inda na ga laifinsa shi ne ƙanwarsa ta ce masa wata huɗu ba ta barci, tambayar da ta fara fitowa daga bakinsa ita ce wa zai biya bashi. Wannan bai yi ba. Ya yi miki halacci da ya ranto kuɗi, bashi kuma dole a biya shi, amma rancen bai ba shi ikon hana ki magani ba. 'Yan'uwa na gida su ji tsoron Allah: fam ɗin da kuke lissafawa da naira, mutum ce ke tsayuwar awa 12 tana ɗaga tsofaffi tana sauya musu ƙunzugu kafin ta same shi. Ki yi shawara da maigidanki a waya ku yanke adadin da za ki riƙa biya duk wata, wanda zai bar miki kuɗin haya da abinci, ki sanar da Yaya cikin ladabi, ki tsaya a kai. Maganar jinyarki kuma ba dole sai ya sani ba. Maigidanki ya sani ya wadatar.

Ki cike fom ɗin yau, ki kuma nemi ganin GP a makon nan saboda barcin, ki gaya masa kin riga kin yi fashin aiki sau biyu. In wani dare ya yi miki nauyi har kika ji kina neman cutar da kanki, ki kira 111 ki zaɓi ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, ko Samaritans, ƙungiyar da ke sauraren masu damuwa, a 116 123, kyauta ne dare da rana, in kuma abin ya kai ga gaggawa ki kira 999. Ki rubuto mini bayan kiran farko in ji yadda kuka yi.