Ziyartar Wuraren da Ake Gani a Finafinan Japan

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne daga Sakkwato, zan tafi Tokyo karatu. Shin ana iya ziyartar wuraren da muke gani a finafinan Japan?

Amsa: Ƙwarai kuwa, ɗana, domin yawancinsu tituna ne na kowa da kowa. Ka fara da mahaɗar Shibuya, inda fitilu kan tsayar da motoci gaba ɗaya, jama'a su kwararo daga kowace kusurwa, ga kuma mutum-mutumin kare Hachiko a bakin tashar jirgin ƙasa. Hasumiyar Tokyo mai tsayin mita 333, wadda aka kammala a 1958, hawanta sai da tikiti. Amma ina roƙonka, idan ka shiga unguwannin da jama'a ke zaune, ka rage murya, kada ka ɗauki hoton kowa sai da izininsa.