Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Hana Bidiyona Fitowa a Google?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffen Makka ne, a Shara Mansur nake zaune. Na daɗe ina yi wa baƙinmu na Najeriya da Nijar jagora idan sun zo Umara, daga baya na ga gara in ɗauki bayanin a bidiyo da Hausa, na buɗe shafina na intanet na zuba su. To amma in na rubuta "yadda ake Umara" a Google, sai in ga na wasu da hotonsu da tsawon mintinsu, nawa kuwa ko sama ko ƙasa. Wani yaro mai harkar kwamfuta ya ce sai an saka wa shafin "sikima", har ya yanka min kuɗi. Mece ce wannan sikima, kuma in an saka zan hau sama?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya saka maka da alheri a kan hidimar baƙin Allah. Yaron bai yi maka ƙarya ba, sikima gaskiya ce. Amma kafin ka ciro ko riyal ɗaya, bari ka san abin da za ka saya.

Ka sha ganin jakunkunan alhazai a filin jirgin Jidda, duk iri ɗaya, launi ɗaya. Abin da ke raba ta Hajiya da ta Alhaji shi ne rubutun da ke jikinta: suna, jiha, lambar fasfo. Aikin sikima ke nan a jikin bidiyo. Ɗan rubutu ne da ake ɓoyewa a cikin shafi, mai kallo ba ya ganinsa, injin bincike ne kawai ke karantawa. Injin yana iya ɗauko bidiyon ya duba, amma kada ka dogara da cewa zai fahimci Hausar da kake yi a ciki. Rubutu ya fi ganewa. A 2011 Google da Bing da Yahoo suka haɗu suka kafa schema.org domin a samu tsari ɗaya na irin wannan rubutu, Yandex ta Rasha ta shigo daga baya a shekarar. Nau'in da ya shafe ka sunansa VideoObject, kuma Google ya fi son a rubuta shi da wani salon rubutun kwamfuta da ake kira JSON-LD.

Abu uku ne wajibi. Akwai name, wato taken bidiyon. Akwai thumbnailUrl, adireshin ɗan hoton da ke fitowa a gefe. Sai uploadDate, ranar da aka fara ɗora shi. A wannan na ukun mutanenmu na nan suke yawan tuntuɓe, domin mun saba da lissafin Ummul Ƙura, wato kalandar Hijiriyya ta Saudiyya. Wurin ba ya karɓar Hijiriyya. Idan ka ɗora bidiyo ranar 1 ga Ramadan 1445 da ƙarfe tara da rabi na dare, abin da za a rubuta shi ne 2024-03-11T21:30:00+03:00. Wannan +03:00 na ƙarshe shi ne agogon Saudiyya. Sauran duk mustahabbai ne, amma ni ba na barin uku daga ciki: description domin bayani, duration domin tsawo, inda minti 12 da daƙiƙa 40 ke zama PT12M40S, sai contentUrl ko embedUrl domin injin ya san inda bidiyon kansa yake.

Yanzu ga abin da nake zargin shi ne ainihin ciwonka, tun da ka ce ka "zuba su". Idan duka bidiyon suna jere a shafi guda, ko kuma kowanne yana can ƙasan wani dogon rubutu, sikima ba za ta yi maka maganin komai ba. Tun Disambar 2023 Google ya tsaurara: a sashen bidiyo na bincikensa, sai wanda yake shi ne babban abin da ke shafinsa yake nunawa. Saboda haka kowane bidiyo ka ware masa shafinsa da adireshinsa, ya kasance a sama, da an buɗe a waya shi ido zai fara gani. Na ɗaura harami daban, na Umara daga farko zuwa ƙarshe daban, na ziyarar Madina daban. Wannan aiki ne da za ka iya da hannunka, kuma a wurina ya fi sikimar kanta nauyi.

Irin bidiyonka yana da wata gata da na mai tallan turare ba shi da ita, domin Umara mataki-mataki ce. Ka hango dattijon da ya gama ɗawafi, ya yi raka'a biyu, ya tsaya da waya a hannu ya manta me ake karantawa a kan Safa. Ba ya buƙatar minti goma sha biyunka, minti ɗaya yake nema. A nan Clip, wani nau'in sikimar, ke shigowa. Da shi kake gaya wa Google cewa niyya a miƙati tana farkon bidiyo, ɗawafi ya fara a wuri kaza, sa'ayi a wuri kaza, aski ko saisaye a ƙarshe. Kowane gaɓa ana ba shi suna da daƙiƙar da ya fara, kuma da daƙiƙa ake lissafi: in sa'ayi ya fara a minti 4 da daƙiƙa 10, sai a rubuta 250 a startOffset, adireshin gaɓar kuma ya ƙare da wani abu kamar ?t=250. Sharaɗin shi ne na'urar kunna bidiyo ta shafinka ta iya tsallakawa kai tsaye zuwa wurin in an latsa. Ka sa yaron ya gwada wannan a gabanka.

Wajen rubuta take da bayani, ka tuna da hannun da zai yi binciken. Yawancin baƙinmu wayarsu ba ta da ɗ da ƙ, "dawafi" za su rubuta, wani ya ce Umra, wani Umara. Ka bar duka su fito a cikin bayaninka ba tare da cusa su da ƙarfi ba.

To zai hau da kai sama? A'a, kuma duk wanda ya yi maka wannan alkawari ka riƙe kuɗinka. Sikima tana sa ka cancanci fitowa da hoto da tsawon lokaci da gaɓoɓi, amma Google da kansa ya ce ba ya ba da tabbacin nunawa. Abin da nake roƙonka da shi tsakani da Allah, kada ka yarda a rubuta abin da babu shi. Akwai wurin saka adadin masu kallo, wasu sai su kumbura shi, wasu su sa take mai jan hankali wanda bidiyon bai ƙunsa ba. In Google ya gano yana iya cire wa shafin wannan gata gaba ɗaya. Ko da bai gano ba, mai neman yadda zai bauta wa Ubangijinsa ne zai latsa, kuma amanarsa ce a wuyanka.

Kafin ka biya, buɗe Rich Results Test na Google, kyauta ne, ka liƙa adireshin shafin. Zai nuna maka ko ya ga bidiyon da kuma abin da ya rage. Sannan ka yi rajistar shafinka a Search Console, dandalin Google na masu shafuka, akwai rahoto na musamman kan bidiyo da ke faɗin wanda aka ɗauka da dalilin ƙin ɗaukar sauran. Sai ka yi haƙuri, domin yakan ɗauki kwanaki kafin injin ya sake zagayowa. In da WordPress aka gina shafin, akwai manhajoji irin su Rank Math da Yoast masu rubuta sikimar, kai dai ka cike gurabe.

TAMBAYA: Malam, ni a Madina nake sayar da dabinon ajwa da abaya. Ba ni da shafin kaina, YouTube kawai nake sakawa. Ni ma sai na yi wannan?

AMSA: Hajiya, ke an hutar da ke, YouTube yana yi wa shafukansa wannan aiki. Naki shi ne take mai faɗin abin da ke ciki, da bayani da Hausa. In kina son gaɓoɓi, rubuta lokutan a cikin bayanin, kowanne a layinsa da sunansa a gefe: na farko ya fara da 0:00, su kai uku ko fiye, kuma kowanne kada ya gaza daƙiƙa 10. Allah Ya kawo kasuwa mai albarka.