Ƙarfen kofaton doki a hannun amaryar Ailan

Malama Hajara, kin tambayi dalilin da ya sa amare a ƙasar Ailan ke riƙe ƙarfen kofaton doki ranar biki. Camfi ne na neman sa'a. Bakinsa sama ake juya shi, wai kada sa'ar ta zube. Yanzu galibi na ado ake yi, a ɓoye shi cikin furannin amarya.

Cikin kayan aurensu, wanda ya fi burge ni shi ne zoben Claddagh na birnin Galway da ke ƙasar: hannaye biyu riƙe da zuciya, kambi a samanta, wato abota da ƙauna da amana. Matar aure a hannun hagu take sa shi, tsinin zuciyar yana kallon jikinta.

Akwai kuma tsoron aljanu, har ake cewa amarya kada ta ɗaga ƙafafunta biyu lokaci guda wajen rawa, don kada su sace ta.