Amsa: Sayar da albasar furanni don tara wa ƙungiya kuɗi

Wa'alaikumus salam Hajiya. Kin ce ƙungiyarku ta mata a Ingila na son sayar da albasar furanni, wato saiwarsu mai kama da albasa da ake shukawa, irin su tulip da daffodil, don tara kuɗin makarantar Islamiyya, kina tambaya ko abin zai yi. Zai yi, amma lokaci ne komai. Da kaka ake shuka su, daffodil a Satumba zuwa Oktoba, tulip kuma har Nuwamba, sai sun sha sanyin hunturu sannan su fito da bazara. Don haka ku fara karɓar oda tun Agusta.

Shawarata, kar ku sayo ko ɗaya sai mutane sun biya. Ku tattara kuɗin, ku yi sari a wajen dillali, yawancin tulip ma daga Holand ake kawo su, ku raba goma-goma a jakar takarda. Banda leda, tana sa su gumi su ruɓe. Wadda kika matsa kika ji ta yi laushi, jefar da ita.

Abin da na fi jin tsoro shi ne kicin. Albasar daffodil guba ce, kuma da ido kamar albasar miya take. Ku rubuta gargaɗi a kowace jaka, musamman gidan da ke da yara.

Ku kuma duba yadda ƙungiyar agaji ta Rotary ke tara kuɗi da furen crocus mai launin shunayya don yaƙi da shan inna, launin tawadar da ake shafa wa yaro a yatsa bayan rigakafi. Mutane sun fi sakin kuɗi idan an faɗa musu takamaiman abin da za a yi da shi. Allah ya sa albarka.